Ɗan Farin Hapsatu

Tun ranar da aka yanke shawarar tafiya da shanun, Hapsatu ta san abin da zai biyo baya. Tana tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwo sa'ad da Bappa Barau, yayan mijinta, ya ce bana ba za a bar ko saniya ɗaya a gida ba. Bazara ta yi tsanani, ciyawa ta ƙare a duk kewayen Zandam, harawar da aka tara an cinye ta, don haka gara mijinta Ashiru ya kora garken gaba ɗaya ya yi kudu da shi har ruwa ya sauka. Magana ta taso mata har maƙogwaro. A bar ɗaya mana, ko da tsohuwar farar nan ce mai karyayyen ƙaho, saboda yaron. Ta haɗiye maganar tare da hayaƙi, ta ci gaba da tuƙi.

Yaron nan Ikrima ne, ɗanta na fari. A gidan da ta fito da gidan da ta shigo, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna wa surukai cewa ta san ya ci ko bai ci ba. Ranar da aka yaye shi, Dada, uwar mijinta, ta goya shi ta wuce ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. Shekara tara ke nan sunansa bai taɓa fitowa daga bakin Hapsatu ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "ɗan Dada". Kuma da wannan ake yabonta. Tsofaffin matan unguwa in za su yi wa surukansu gori, da ita suke kafa misali: ku dubi Hapsatu, ko yaron wuta ya faɗa ba za ta ɗaga kai ba.

Ba su san tana ɗagawa ba. Ta wutsiyar ido, ta kafar danga, ta bayan tulu, ba ranar da ta wuce ba ta kalle shi ba. Wanda aka hana taɓa abu, ai idonsa ne yake zama hannunsa.

Ikrima kyakkyawa ne, dogo, mai zara-zaran gashin ido, irin yaron da baƙo zai gani ya ce tubarkalla kafin ya lura. Ba ya kallon mutum cikin ido. Kalmominsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: ruwa, Dada, a'a. Yana tafiya bisa yatsun ƙafa kamar ƙasa tana ƙona shi. Kullum da sassafe yakan bi Dada zuwa garke, ya jingina goshinsa da cikin farar saniyar, ya tura da ƙarfi, ya tsaya haka har a gama tatsa. A nan kaɗai Hapsatu take ganin kafaɗunsa sun sauka.

Ran Lahadi da sassafe ya isa garken ya tarar da turakan shanu tsirara, ba ko saniya ɗaya.

Hapsatu tana bayan danga da tsintsiya a hannu. Ta ga ya bi turakan ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ta ga ya danna babban yatsa a bayan kunnensa. Sai ta ji gunjin nan da yake yi can cikin hanci, kamar zuma a cikin kogo. Ta san in gunjin ya fara, saura abu ɗaya: kada a taɓa shi.

"Ikrima, taho mu tafi," in ji Dada. "Sun tafi kiwo ne. Taho, rana tana yi."

Ta miƙa hannu ta kama wuyan hannunsa.

Abin bai ɗauki ƙiftawar ido ba. Ya fizge, ya kai mata duka da hannu biyu a ƙirji, tsohuwar ta tafi da baya ta dafa ƙasa, hannunta ya faɗa kan turke. Har inda take Hapsatu ta ji ƙarar ƙashin. Ta yar da tsintsiya ta ruga, kuma ko a wannan gudun ƙafafunta sun san dokar gidan: wurin Dada ta nufa. Ta wuce ɗanta yana buga goshi da ƙasa.

Bappa Barau ya zo da tsumagiya. Ya yi ta zuba masa har hannunsa ya gaji, yaron bai yi kuka irin na yara ba, sai cizon bayan hannunsa yake har jini ya fito. Da yamma, bayan maɗori ya ɗaure wa Dada hannu da karare, Bappa ya tsaya a tsakar gida ya yi magana yadda kowane ɗaki zai ji.

"Bara 'yar maƙwabta ya ciza, muka ba da haƙuri. Da kaka ya fasa wa wani kai da dutse, muka ba da haƙuri. Yau uwarmu ce. Gobe wa? Shekararsa tara ya kayar da babba, in ya kai sha biyar sai mu bar masa gidan? Na yi magana da malamin nan na bayan Gwaram. Ran Asabar za su zo da mota."

Ba wanda ya tambayi wane malami. Kowa ya san gidan marin, inda ake sa wa masu taɓin hankali da kangararru ƙarfe a ƙafa. Hapsatu tana yarinya ta taɓa ganin wani ɗan garinsu da aka dawo da shi daga irin wannan gida. Idon sawunsa ya yi fari fat, kuma har ya mutu bai daina tafiya da gajeren taku ba, kamar ƙarfen yana nan.

Ta ari waya ta kira Ashiru. Ta tambayi hanya, ta tambayi ruwa, ta tambayi maruƙa. Sai can ta ce, "An ce za a kai wancan."

Tana jin kukan shanu a bayansa.

"Abin da Yaya ya gani shi ne daidai," in ji shi. Shi ma ɗan farinsa ne. Shi ma bakinsa a ɗaure yake.

Zuwa Laraba hannun Dada ya kumbura suntum, yatsun sun fara baƙi. Bappa ya ce sai asibitin Birnin Kudu. Ba wanda ya yarda a bar masa Ikrima, don haka aka tafi da shi, Hapsatu kuma ta bi don kula da Dada. A tashar Gwaram aka cusa su a bayan wata ƙaramar mota, mutum huɗu a kujerar uku. Don kada a fama wa Dada hannu aka sa ta jikin ƙofa, yaron ya faɗo tsakanin Hapsatu da wata mata mai jiki.

Rabon da jikinsa ya taɓa nata tun yana shan nono. Ta ji ƙashin kafaɗarsa a haƙarƙarinta, ta ji ɗumin kansa, ta ji warin rana da na tsamiya a gashinsa. Ta kafe idonta a kan ƙeyar direba don kada fuskarta ta tona ta. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ƙara matso shi, ita kuwa a ranta tana roƙon Allah ya ƙara ramuka. Ta kuma lura da wani abu: a matse ɗin nan, tsakaninta da matar, bai yi gunji ko sau ɗaya ba.

Asibitin ne ya tayar masa. Jama'a maƙil a baranda, jarirai suna kuka, wani yana kiran sunaye da ƙarfi, keken marasa lafiya yana ƙiiii a kan siminti. Bappa ya tafi yankan kati. Ikrima ya danna yatsa a bayan kunne. Kafin Hapsatu ta san abin yi, ya kai wa benci duka da goshi, mutane suka watse suna salati.

Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta fito daga wani ɗaki. An rubuta Kubra a ƙirjin rigarta. Ba ta yi tsawa ba. Ta buɗe ƙofar ɗakin sosai, ta kashe fanka, ta ja baya ta ba da hanya. Yaron ya kutsa ciki, ya cusa kansa a lungun da ke tsakanin kabad da bango, ya matse. Ta yafito su, ta tura ƙofa.

"Wace ce mahaifiyarsa?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ɗana ne," in ji Dada.

Sista Kubra ta dubi furfurar da ta leƙo daga ɗankwalin Dada. "Inna, na yarda ɗanki ne. Wa ta yi naƙudarsa?"

Dada ta nuna Hapsatu da haɓa.

"Ke kuma an ɗinke miki baki ne?"

"Ɗan fari ne," in ji Dada, da irin muryar da ake rufe magana.

"Au! To sannunku da kunya." Sista ta jawo kujera ta zaunar da tsohuwar, ta fara kwance kararen hannun a hankali. "Mu ma haka muka taso, Inna. Kakata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babana ba. Amma babana yana da baki, in abu ya dame shi zai faɗa. Wannan fa? Me ke tayar masa?"

"Haka kawai. Iska ce, ba ta sallama."

"Ba haka kawai ba ne."

Hapsatu ba ta san ta yi magana ba sai da ta ji muryarta. Ƙasa take kallo. Amma bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"In za a fara sai ya danna nan, bayan kunne. Sannan gunji. In an bar shi a lokacin, wani sa'in yana wucewa. In an taɓa shi ne yake duka, musamman ta baya, ko a wuyan hannu. Ba ya son daka in turmi biyu ne a tare, ɗaya ba ya damunsa. Ba ya son a sauya masa ƙwarya. Ranar da ya ciji yarinyar nan, ita ta zo ta bayansa ta rufe masa ido. Ranar dutse kuma yara ne suka kewaye shi suna tafi. Ran Lahadi... ran Lahadi shanu ne. Ba a gaya masa ba."

Ba ta ɗaga kai ba, amma tana jin idon Dada a kanta kamar garwashi.

"Inna, kin ga likitarsa nan," in ji Sista Kubra, tana nuna Hapsatu. "Ku saurara. Ba ni ce zan yanke ba, sai likitan yara ya gan shi, amma na ga irinsa da yawa. Ana ce masa galahanga. Ba hauka ba ne, ba iska ba ce. Ƙarar da ke wuce ki ba ki ji ba, shi kamar a cikin kansa ake buga ta. Abin da ba shi da bakin faɗa, hannunsa ke faɗa. In ya fara, ba lokacin faɗa ba ne, ba lokacin bulala ba. A kori mutane, a kashe abin da ke ƙara, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Mutum ɗaya ya zauna kusa da shi, wanda ya san shi. Ya kira sunansa a hankali, kalma ɗaya ko biyu, ya yi shiru. Kada a danne shi. In shi ya nemi matsi da kansa, a ba shi."

"Zai warke?" Hapsatu ta tambayi siminti.

"Ba irin na allura ba ne, ƙanwata. Haka Allah ya yi shi. Amma dukan yana raguwa in an gane abin da yake faɗa da shi. Ba ya tafiya rana ɗaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ku dawo da shi Talata ta sama."

"Asabar za a kai shi gidan mari," in ji Dada.

Sista ta tsaya da kararen a hannu. "Inna, naki hannun da ya karye ai kawo shi kika yi, ba ki yanke kin yar ba."

Da Bappa ya dawo da kati ta sake yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara da ladabi, yana cewa haka ne, Allah ya saka da alheri. Aka yi wa Dada hoto, aka gyara ƙashin, aka naɗe hannun da farin simintin asibiti. A hanyar tasha ya ce, kamar da kansa yake, "Ita tana da ɗaki mai ƙofa da fankar kashewa. Mu tsohuwa muke da ita."

Dada ta bari sai da suka sauka a Gwaram. Suna jiran babur ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Ashe kina kallo."

Hapsatu ta rasa ko zargi ne ko me. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Dada."

Alhamis da Juma'a suka wuce kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Kullum da safe Ikrima yakan je garken shi kaɗai ya taɓa turaka. Ta wanke masa riguna biyu ta shanya a bayan ɗaki inda ba za a gani ba, ta ninke, sannan ta tsaya tana kallon su, ta tuna don me ta wanke, ta ji kamar da hannunta take miƙa shi.

Ran Asabar da hantsi motar ta zo. Direban ya shigo da ita har bakin garke yana danna oda, rediyo a kunne. Samari biyu majiya ƙarfi daga gidan malamin suka fito. Kafin a ce me, unguwa ta taru: mata a jikin danga, maza a gindin darbejiya. Ikrima yana tsakiyar turaka.

"Alhaji," in ji direban, "in mai fasa gilashi ne a ɗaure min shi tun a ƙasa. Jiya na sa sabo."

Wasu suka yi dariya. Bappa Barau bai yi ba. Fuskarsa ta wanda zai yanka abin da ya yi kiwo ce. Ya ɗauko igiyar maruƙa ya miƙa wa ɗaya daga samarin. Suka rabu biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ya zaga ta baya.

Hapsatu tana ƙofar gida, hannunta duk ƙullu. Ta ga yatsan ya tafi bayan kunne. Ta ji gunjin duk da rediyo. Ta ga saurayin da ke baya ya miƙa hannu daidai wuyan hannun yaron. Shekara tara tana ganin abu kafin ya faru, tana yin shiru. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ikrima."

Sunan ya fito a karkace, da ƙarfi fiye da yadda ta so, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Wata mata ta ce innalillahi. Wata ta ce, "Hapsatu ce kuwa?" Yaron bai ko juyo ba. Amma saurayin ya tsaya.

Ta ratsa mutane, ba mayafi, ta tsaya gaban yayan mijinta, mutumin da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba tun da aka kawo ta gidan.

"Bappa, don Allah ku ja baya. Kowa ya ja baya. A kashe motar nan da rediyon."

"Ni kike gaya wa?"

"Don girman Allah, Bappa."

"Koma ciki, Hapsatu. Ba maganarki ba ce. Ɗan Dada ne."

"Ni na haife shi."

Har direban sai da ya leƙo. Ba ta jira izini ba. Ta juya ga jama'a tana kaɗa hannu kamar mai korar kaji, tana cewa ku tafi, ku yi wa Allah ku tafi, kuma mamaki ya sa suka ja baya. Motar ta mutu. Ta shiga cikin turaka ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Ikrima. Ni ce."

Ta yi kuskure, ta matso fiye da kima. Goshinsa ya same ta a baki. Ta ji haƙori ya motsa, gishirin jini ya cika mata harshe. Kafin ta farfaɗo ya kama damtsenta da haƙora, ya datse. Zafin ya tafi har tsakiyar kanta. Duk jikinta ihu yake nema, ta danne shi a ciki, don ta san ihu ɗaya zai dawo da samarin. Ba ta fizge ba. Ta jira har ya saki da kansa.

"Ka gani ko?" wani ya ce daga gindin darbejiya. "Uwar ma bai sani ba."

Ta ja jiki kaɗan ta zauna dirshan a ƙasa, ta juya masa gefe, ta daina kallonsa. Ya buga kansa da ƙasa, ta zare ɗankwalinta ta tura wurin da goshin ke sauka, ta janye hannu. Ya yi jifa da ɗankwalin. Ya cika hannu da busasshen kashin shanu ya watsa mata. Ya tashi ya zaga turaka da gudu, ya dawo. Ita dai tana zaune, jini yana ɗiga daga haɓarta zuwa zani, lokaci-lokaci tana cewa, "Ikrima," ta yi shiru.

Rana ta yi ta hawa. Masu kallo suka fara gajiya, wasu suka koma bakin aikinsu. Ta ji gunjin yana tsinkewa yana dawowa, yana tsinkewa. Can ta ji numfashi a bayan kafaɗarta. Ba ta motsa ba. Wani abu mai zafi, jiƙe da gumi, ya sauka a haƙarƙarinta. Goshinsa ne. Ya tura. Ya ƙara turawa da dukan ƙarfinsa, har ta dafa ƙasa don kada ta faɗi, sannan ta tura ita ma. Suka tsaya haka. Hawayenta suna zuba a kan raunin leɓenta suna ƙara masa zafi, ba ta share ba, don hannu ɗaya yana ƙasa, ɗayan kuwa ba ta yarda da shi ba, tana tsoron zai tafi ya shafa kan yaron ya ɓata komai.

"Alhaji, muna da wani ɗaukan a Maruta," in ji direban, wannan karon a hankali. "Ya ake ciki?"

"Barau."

Dada ce. Tana tsaye a ƙofar gida, farin hannunta rataye a wuya. Ba wanda ya san tun yaushe take nan.

"Sallame su."

"Dada, hannunki fa..."

"Hannuna ne. Na ce ka sallame su."

Bappa ya karɓi igiyar daga hannun saurayin, ya raka su mota, ya ba su haƙuri. Aka tura motar baya sai da ta yi nisa kafin a tayar. Ya dawo ya tsaya inda Hapsatu za ta ji, bai dube ta ba.

"Na bar shi saboda uwata. Amma ki ji da kyau. Ranar da ya sake zubar da jinin wani a gidan nan ko a unguwar nan, ba zan yi shawara da kowa ba. Naki na yau ke kika kai kanki." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Talatar nan kuma, ki nemi mai raka ki. Ni ba zan sake shiga mota da shi ba."

Sai bayan azahar Ikrima ya janye goshinsa, ya tashi ya shiga gida kamar ba abin da ya faru, ya ɗauki ƙwaryarsa ya tsaya gaban tulu. "Ruwa," in ji shi. Hapsatu ta zuba masa a gaban kowa. Rabi ya zube a ƙasa.

Ta wanke bakinta da ruwan gishiri. Haƙorin yana nan amma yana lilo. Shatin haƙoransa a damtsenta ya yi baƙi, ya kumbura. Matan da suka saba leƙowa su ce sannu da aiki, yau ba wadda ta leƙo.

Da la'asar ta je ƙofar Dada ta durƙusa. Tsohuwar tana kwance, fuskarta a bango.

"Kin zubar da abin da uwarki ta ba ki," in ji Dada. "A gaban direba."

"Na sani, Dada."

"Shekara bakwai ina riƙe da shi. Yau kin nuna wa duniya ban san shi ba."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Tunda kin iya kiransa, ɗauki tabarmarsa ki kai ɗakinki. Ni hannu ɗaya gare ni."

Hapsatu ta dubi tabarmar a lungunta, inda take tun ranar yaye. Bangon wurin ya yi sulɓi saboda gogar kafaɗarsa.

"Ba zai kwana a wani wuri ba, Dada. In aka ɗaga tabarmar nan, yau ɗin nan za a sake irin na ɗazu."

"To ya kike so in yi?"

Hapsatu ta tashi ta tafi ɗakinta, ɗakin aurenta, ta naɗe tata tabarmar, ta ɗauki zani ɗaya da filo. Ta ratsa tsakar gida da su a ka. Suruka ba ta kwana ɗaki ɗaya da uwar miji, wannan ma ta sani, kuma ta san kafin magariba labarin zai kai bakin rijiya. Ta yi sallama ta shiga, ta shimfiɗa tabarmar tsakanin gadon Dada da lungun yaron, daidai inda duk abin da zai nufi tsohuwar sai ya bi ta kanta.

Dada ta juyo ta dubi tabarmar, ta dubi leɓen da ya kumbura. Ta daɗe tana kallo.

"Matsar da ita kaɗan," in ji ta. "In ya tashi da asuba ta nan yake bi. Kada ki tare masa ƙofa."

Hapsatu ta ja tabarmar taku ɗaya.